Na ba su izinin zane jikana

Mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Longsight, a Ingila, nake rubutowa.

Makarantar jikana Isuhu ta kira ni, wai ya cika surutu a aji, za su kore shi. Tun da makarantar ta fita daga hannun council ta koma academy suka rage malamai, kora kawai suka iya. Na ce wa hedimasta: "Kada ku kore shi, ku zane shi, na ba ku izini." Haka mahaifina ya faɗa wa malamina, har na kai jami'a.

Shi kuwa sai rubuta maganata yake yi, ya kai rahoto. Yanzu ranar Alhamis ma'aikaciyar council mai kula da yara za ta zo ta duba ko yaron zai ci gaba da zama wurina. Uwarsa, 'yata, ta daina ɗaukar wayata.

Jama'a, me zan faɗa wa matar nan?