Ranar da Na Bar Hajiya Dije Ta Zuba Gahawa da Hannunta

Alheri da salama su zauna tare da ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayena na zumuntar mata, da 'yan'uwana matasa, ina gaishe ku duka.

Sunana Rahila. Na rubuta shaidata a takarda ne domin na san halina, idan na tsaya gaban jama'a magana takan gudu ta bar ni. Kuma na daɗe ina shakkar ko wannan ta isa a kira ta shaida, tunda ba daga gadon mutuwa aka tashe ni ba. Amma abin da Ubangiji ya cire ni daga ciki, ni na san nauyinsa. Tsoro ne.

Waɗanda suka san ni tun ina ƙarama za su ce ai Rahila yarinya ce mai natsuwa. Ba natsuwa ba ce, 'yan'uwa, faɗuwar gaba ce. Idan na kulle ƙofa sai na dawo na duba, in kuma sake dawowa. Idan wani ya yi tuntuɓe kusa da ni, sai in yini ina bincikar kaina ko ni na bar wani abu a hanya. Bayan na gama jami'a na zauna ba aiki, abin ya ƙaru har abinci ya daina shiga. Na ga likita, kuma ya taimaka mini ƙwarai. Ina faɗin wannan ne kada wani ya ce Rahila ta ce a bar magani. Ban ce ba.

A cikin wannan hali ne na samu gurbin horo a wani asibiti a Kano, domin in zama mataimakiya a sashen da ake koya wa marasa lafiya komawa ga ayyukansu na yau da kullum. Mutane sukan ɗauka gashin ƙashi ne. Maƙwabta muke da su, amma namu daban ne. Mu idan ɓarin jikin mutum ya shanye, ko ya yi haɗari, mukan koya masa yadda zai sake cin abinci da kansa, ya sa riga, ya yi wanka, ya riƙe abin sana'arsa.

Ina kewar wannan ɗaki har yau! Akwai doguwar taga da ke kallon bishiyar darbejiya, da tebur mai cike da cokula masu kaurin mariƙi, da tulin maɓallai, da wata tsohuwar fanka da ke kuka kamar za ta faɗo. Can na san Malama Asabe, wadda ke kula da horonmu. Mace ce marar yawan magana. Idan ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ka san akwai gyara.

Ni kuwa a hannun kakata na tashi, kuma kun san tarbiyyar gidajenmu. Babba ba ya ɗaukar buta kana zaune. Ba ya sunkuyawa neman takalmi kana kallo. Kafin ya miƙa hannu ka riga ka kai masa. To ku haɗa wannan tarbiyya da tsorona, ku ga abin da zai fito. Da mara lafiya ya fara kokawa da cokali, sai in ga hannuna ya riga ni zuwa. In karɓa, in ba shi a baki, in share masa haɓa, in koma ina jin na yi aikin kirki.

Mara lafiyar da aka fara damƙa mini sosai ita ce Hajiya Dije.

Tsohuwa ce doguwa, mai kaifin harshe. Tun tana matashiya suka tafi aikin Hajji da mijinta, suka zauna a Makka ba su dawo ba. A unguwar Hindawiyya ta haifi 'ya'yanta, a can ta binne mijin. Lokacin Hajji takan yi wa alhazai girki a Aziziyya, ranar Arfa kuma ta bi masu kai abinci. Ba ta da igama, wato takardar izinin zama, don haka da tsufanta aka kama ta aka dawo da ita Najeriya, 'ya'ya da jikoki suna can. Tana zaune gidan ɗan ƙaninta a Kano ciwo ya same ta, hannunta na hagu ya shanye.

Ni ban taɓa zuwa Makka ba, kuma kun san ba hanyata ba ce. Amma daga bakin Hajiya na san lungunan Hindawiyya, da mai gasa burodi na bakin layinsu, da yadda maƙwabta ke shimfiɗa darduma bayan la'asar ana shan gahawa da dabino. Hausarta a gauraye take da Larabci. Da ta ga sarƙar gicciye a wuyana ranar farko, sai ta ce, “Au, 'yar coci aka ba ni? To yalla, ya binti, mu ga abin da kika iya.” Tun daga ranar ba ni da wani suna a bakinta sai “ya binti”, wato 'yata.

Na so ta, ita ma ina jin ta so ni. Amma hannun bai motsa gaba ba. Ta yaya zai motsa? Mayafinta ni ke gyarawa. Kofin ruwa ni ke riƙewa. Ƙananan itatuwan da ake ba ta ta tsinta da hagu, idan ɗaya ya faɗi na riga na ɗauko. Ita ma ba ta son su. “Ni da na ciyar da alhazai mota-mota, yau ni ce da wasan yara?” in ji ta.

Wata rana, ina ƙoƙarin ƙarfafa ta, na ce, “Hajiya, a gode wa Allah da ya zama hagu ce. Damarki lafiya lau, da ita za ki ci, da ita za ki ba mutane abu.”

Sai ta kalli hannunta na hagu. Can na ga hawaye.

Ta ce, “Ke ba ki sani ba. A can da hagu ake riƙe dalla, dama kuwa ta finjali ce, da ita ake miƙa wa baƙo. Duk layinmu ba a yin taro ba a ce a kira Dije ta zuba gahawa ba. Yanzu ko baƙo ya zo gaishe ni, sai dai in zauna kamar kayan wanki a zuba mini.”

Dalla ita ce butar gahawarsu mai dogon baki, finjali kuma ɗan ƙaramin kofin da ake sha da shi. Ashe 'yarta ta aiko mata da wata ƙarama ta hannun wata alhajiya, tana nan cikin akwati ba ta ko son ganinta.

Na kai wa Malama Asabe wannan magana ina ɗari-ɗari. Ta ce, “Madalla. Ki ajiye itatuwan, a kawo dallar. Da ita za a yi aikin.” Sannan ta cire tabarau.

“Rahila, zauna. Kina da kula, ba na musu. Amma hannun wa aka kawo mu gyara, naki ko nata?”

Na ce, “Nata, Malama.”

“To naki nake gani yana aiki. Duk abin da kika yi mata, kin ƙwace mata ne. Idan lokacin duba aikinki ya zo na ga kin karɓe mata, ba zan iya cewa kin cancanta ba. Sai dai ki nemi wani aikin.”

Na ce, “Malama, idan ta ƙone fa? Kuma tsohuwa ce, ta yi jika da ni. Yaya zan zauna ina kallo?”

Ta ce, “Ƙuna aikinmu ne mu hana tun kafin a fara. Za ta zauna daram, a sa faranti da tawul, abin da ke ciki ya zama mai ɗumi kawai. Bayan wannan, zaman kallon shi ne aikin.”

Muka fara da dalla babu komai a ciki, daga baya da ruwan sanyi kaɗan. Kuma 'yan'uwa, kunya nake ji in faɗa, ko da ruwan sanyin ma hannuna bai daina zuwa ba. Da bakin dallar ya karkace sai in tallafa. Hajiya ta saba, har takan tsaya tana jira in kawo hannu. Ciwona ya dawo sabo. Na daina cin abinci. Na fara shirya yadda zan gaya wa mahaifiyata an sallame ni, bayan duk addu'ar da zumuntar mata suka yi kafin in samu gurbin.

Ranar da Malama za ta duba aikina, da rana tsaka kafin a kawo Hajiya, na shiga ɗakin ajiyar kekunan marasa lafiya na durƙusa a tsakaninsu. Na fara da addu'ar da na saba: Ubangiji, ka ƙarfafa hannun Hajiya, kada ya yi rawa, kada komai ya zube, kada a samu kuskure. Ina ta jero masa abubuwan da kada su faru.

Ba zan ce na ji murya ba, don ba na so in ƙara a kan abin da ya faru. Amma wani tunani ya sauko mini a hankali, wanda na tabbata ba daga tsorona ya fito ba. Tun ina yarinya nake tsaye gadin duniya, kamar idan na kau da ido Allah ba ya nan. Shi da ya kiyaye matar nan shekara da shekaru a ƙasar da ba ta da takarda, ni ce zan fi shi kula da ita?

Na fashe da kuka. Na ce, “Yesu, na gaji. Hannun Hajiya naka ne. Nawa ne ya fi ƙarfina. Ka riƙe mini nawa.”

Ban tashi da wani ƙarfin zuciya na ban mamaki ba. Gabana na faɗuwa har lokacin. Abu ɗaya dai ya canza: na ji ba ni kaɗai ba ce a ɗakin.

Matar ɗan ƙanin Hajiya ta zo da gahawa ta gaske ranar, mai ƙanshin citta da kayan ƙamshi. Na bar ta ta huce, na gwada ɗuminta a bayan hannuna, na shimfiɗa tawul a faranti, na gyara wa Hajiya zama. Malama Asabe ta zauna can gefe. Ni kuma na ja kujera, na tura tafukana ƙarƙashin cinyoyina, na zauna a kansu.

Hajiya ta kalle ni. “Ya binti, sanyi kike ji?”

Na ce, “A'a, Hajiya. Baƙuwarki ce ni yau. Bismillah.”

Ta yi bismillarta, ta kama mariƙin da hagu. Yatsun suka ɗauki lokaci kafin su rufe. Dallar ta tashi tana rawa, bakinta ya wuce finjalin, gahawa ta kwarara a kan tawul.

Wayyo! Duk jikina ya yunƙura. Na ji kafaɗuna sun tafi, amma hannuwan suna inda na sa su. A zuci ina ta kiran sunan Yesu.

Hajiya ta ajiye dallar ta juyo tana jirana, yadda ta saba. Da ta ga ban motsa ba, ta ɓata rai.

“Haka aka koya miki a gidanku? Tsohuwa na fama kina zaune?”

Wannan magana ta soke ni, don muryar kakata na ji a ciki. Na ce, “Ki yi haƙuri, Hajiya. A Hindawiyya baƙuwa ce ke riƙe miki dalla?”

Ta harare ni. “Wace baƙuwa? Ta isa?”

“To ni ma ban isa ba. Sake gwadawa.”

Ta yi tsaki, ta faɗi wani abu da Larabci wanda na gode Allah ban fahimta ba. Ta sake kamawa. Wannan karon ta manne gwiwar hannunta a jikinta yadda muka sha koya mata, ta karkata a hankali. Wani ya zube, wani ya shiga. Ɗan kaɗan ne, bai kai rabin finjalin ba.

Na ce, “Kin ga! Saura kaɗan ki cika shi.”

Ta ce, “Ji 'yar ƙauye! Wa ya ce miki ana cikawa? Cika finjali ai korar baƙo ce. Haka ake zubawa.” Ta miƙo mini da dama, fuskarta a jiƙe, tana dariya. “Tafaddali, ya binti. Karɓi.”

Sai a lokacin na zaro hannuwana, sun yi tsami. Na karɓa na sha. Ɗaci gare ta, kuma ta huce, amma ban taɓa shan abin da ya kai ta ba. Halleluya!

Malama Asabe ta taso daga gefe. Ta jawo kujerarta kusa, ta ce, “Hajiya, ni ba baƙuwa ba ce?” Aka zuba mata ita ma, tawul ya sha nasa rabon. Da muka fito ta ce mini kawai, “Gobe akwai sabon mara lafiya, naki ne.” A ƙarshen horon ta sa mini hannu. Yau ina aikin nan, yabo ga Ubangiji!

Ba na so in ba ku labarin da ya fi gaskiya daɗi. Hannun Hajiya bai koma yadda yake da ba. Makka ma, a iya sanina, ba ta koma ba. Bayan an sallame ta, dangi suka tafi da ita garinsu, lambar da nake kira kuma ta daina shiga. Ban san ko tana raye ba. Ina yi mata addu'a, yadda ita ma ta ce za ta riƙa yi mini a bayan sallarta. Ina kewar faɗanta ƙwarai.

Tsoron ma ba zan ce ya mutu ba. Yakan leƙo. Amma da shi ke ba da umarni ina bi, yanzu kuwa ina cin abincina, ina barcina, ina kulle ƙofa in tafi.

'Yan'uwa, watakila a nan akwai wanda ya rungume ɗansa, ko mijinta, ko tsohuwarsa marar lafiya, ya ƙi saki don yana ganin idan ya saki komai zai rushe. Ban isa in yi wa kowa wa'azi ba. Ku yi iyakar abin da ke naku da aminci, sauran ku bar wa Yesu, yana iya riƙewa.

Gobe Litinin wani dattijo tela yana jirana. Yana so ya sa maɓallin rigarsa da kansa kafin bikin 'yarsa. Zai ɗauki lokaci, zai yi fushi da ni, ni kuma zan zauna in jira shi. Ku tuna da mu biyun a addu'a.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Ubangiji. Amin.