An Ce Kurma Ta Buga Waya

Mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hanatu, tela ce ni a Anguwan Rukuba, kuma kurma ce.

Ina da ciki, na je awo wani asibiti. Da sassafe na miƙa katina na zauna. Ashe da baki nas take kiran suna, ga takunkumi a fuskarta, ko leɓenta ba na gani. Ina kallo waɗanda suka zo bayana suka shiga suka fita. Da na nuna mata kunnena, sai ta rubuta mini: "An kira ki, ba ki amsa ba. Sai wani makon."

An ce doka ta hana a yi mana haka, sai na kai ƙorafi ofishin shugabannin asibitin. Ogan ya ba ni lambar waya, wai in kira. Ni kurma! Na tura saƙo, har yau shiru.

Wannan wasiƙar ma ba zan ji ta a rediyo ba. Maƙwabciyata Maman Joy ce za ta gaya mini da hannu ko kun karanta. Jama'a, ku ba ni shawara: ranar naƙuda, in aka kira ni ban amsa ba, shi ma sai wani makon?