Na Kori Shanun Jauro Saboda Jawabin Bara

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki. Ni ne Isyaku manomi daga Kwanyawa ta Karaye.

Shekaranjiya na saurari jawabin kasafin kuɗi na Shugaban Ƙasa da kuka fassara mana, kuma wallahi raina ya ɓaci.

Shekara da shekaru, duk rani wani Bafulatani mai suna Jauro Bello yana sauke shanunsa a gonata su zuba mini taki, ni kuma in ba shi dawa. Bara na ji Shugaba ya ce takin zamani zai iske kowane manomi kafin ruwan shuka, sai na ce wa Jauro ya nemi wani wuri. Ya dube ni ya ce, "Malam Isyaku, rediyo ce za ta yi maka taki?" Na yi masa dariya. Ya kaɗa shanunsa zuwa gonar maƙwabcina.

Sau huɗu ina taka keke zuwa Karaye. Ranar da takin ya iso, dawa ta riga ta fitar da kai, kuma mu shida aka ba buhu ɗaya. Yau ni da nake manomi, a kasuwar Rogo nake awo.

Sai ga shi bana an sake karanto alkawarin nan, ko kunya babu.

Jiya na je ruga na ba Jauro haƙuri. Ya ce ya riga ya yi wa maƙwabcina alkawari, shi kuma ba ya saɓawa.

Jama'a ku ba ni shawara: bana me zan zuba a gonata, jawabi?