Ranar da Ajuji ta amsa mini

Ƴan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta tabbata a kanku. Ni ce Saratu, matar Bitrus mai kamun kifi a tabkin nan namu na Madarumfa. Kun san ni da surutu, amma yau ku yi haƙuri in muryata ta yi rawa.

Na daɗe a ɗakin aure ban taɓa goyo ba. Na sha saiwa, na sha kuka, har na daina zuwa gidan suna.

Shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, faston wani ƙauye a Najeriya, bayan Jibiya, ya aiko cewa wata mai bi ta rasu ta bar ɗiya ƙarama, daga ita sai kaka makauniya. Muka bi hukumomin can da na nan har aka ba mu riƙonta. Da za mu taho, tsohuwar ta shafa kan yarinyar ta ce, "Sunanta Ajuji."

Kun san al'adar. Macen da ta gaji da binne ƴaƴa, in ta sake haihuwa sai ta ajiye jaririn bisa juji, wai mutuwa ta zaci ba a son shi ta wuce. Wata mace ta ɗauko shi, a sa masa Ajuji.

Na ce wa Bitrus, "Ɗiyar da na jira shekara da shekaru, a riƙa kiranta da shara? Ba a gidana ba! Murna za a sa mata ranar miƙa ta ga Ubangiji."

Ya ce, "Saratu, ki bi a hankali. An raba ta da uwa, an raba ta da gari."

Ina! Ban ji ba. Murna zo, Murna ci tuwo. Yarinya ta yi kamar da bango nake magana. Ta daina wasa, ta daina cin abinci, sai ta zauna bakin ƙofa tana kallon hanya. Zazzaɓi ya kama ta. Likita ya ba da magani, jiki ya yi sanyi, amma ko kunu ba ta karɓa. Ina kallo tana ƙarewa a hannuna. Na ji tsoro, ƴan'uwa, irin wanda ban taɓa ji ba.

Wata rana da hantsi na durƙusa gefen tabarmarta na ce, "Ya Yesu, ka ba ni ita don in binne ta? In sunan nan la'ana ne, ka karya shi!"

Ina cikin kuka sai na ga uwarta a zuciyata, macen da ban taɓa gani ba, da ɗanyen jego, tana ajiye jaririyarta bisa toka, tana leƙe kada mutuwa ta gani. Ba ƙi ba ne. So ne ya kai ta can, da iyakar abin da ta sani lokacin. Ba ta bar wa ɗiyarta zane ko ɗan kunne ba, sunan nan kaɗai ta bari, ni kuma ina ƙwace shi. Ubangiji ya nuna mini cewa ni ce macen da aka aiko ta ɗauko, ba wadda za ta share uwa ba.

Na sunkuya na ce, "Ajuji."

Ta buɗe ido. Ta dube ni ta ce, "Na'am, Inna."

Inna! Ba wanda ya taɓa kirana haka. Ranar ta sha kunu har ta nemi ƙari.

Lahadin miƙa ta, Fasto ya ce, "Mama Saratu, wane suna?" Kafin in buɗe baki, ta ɗaga kai ta faɗa masa da kanta, "Ajuji." Ga ta can cikin yara, mai jan kallabi.

Na gode wa Yesu da ya raya mini ita. Ku dogara gare shi, ƴan'uwa. Ba ya ƙyamar juji, ni ma can ya tsince ni. Amin.