Kaza a Kujerar Baya

A garejin makanikai na Apo, Alhaji Lukmanu ya tarar da wata mai abinci ta tare ƙofar motarsa, wadda ta yi wata biyar tana jiran inji daga Japan.

"Madam, matsa. Jirgin ruwa ya iso Legas, an sauke kwantenar da injina yake ciki."

"Oga, ba yanzu ba. Kazata tana kwanci a kujerar baya, saura kwana tara ta ƙyanƙyashe."

"Kayan rabin duniya na bi ta tashar jiragen ruwan can, ni zan tsaya jiran kaza?"

"Wata biyar kana jiran teku, ka taɓa yi masa tsawa?"

Ya leƙa ta taga. Kazar ta harare shi.

"Ƙwai nawa ne?"

"Sha biyu."

"'Yan tsaki biyu rabona ne. Bari in gaya wa ejan da ke fito mini da injin ya daina gaggawa."