Kukan Allahiyar Taurari

A rumfar mai gyaran waya, wata budurwa ta leƙa wayar dattijon da ke gefenta.

"Baba, har kai ma kana buga wasan allahiyar taurari?"

"Ina fa, 'yata, koyo nake. Me ya sa kullum take kuka?"

"Taurarin 'ya'yanta ne. Cikin fushi ta watsa su sama, yanzu tana kira ba mai amsawa."

Dattijon ya miƙa mata wayar.

"Ɗana ne ya zana ta. Shekara shida ke nan da na ce masa zane ba sana'a ba ce, ya bar gida. A ƙarshe suna dawo mata?"

"Ban kai can ba, Baba."

"Ni kam shekaruna ba za su jira ba. Taya ni nemo lambarsa."