Alwala ta kusa ɓata mini aikin haƙori

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatar da shiri, ke da masu sauraro ina yi muku fatan alheri. Sunana Ɗanlami, tela ne ni a unguwar New Bell.

Watan jiya haƙorina na can ƙurya, wanda ake ce wa dent de sagesse, ya hana ni sakat. Na je wurin wata likita a Bonapriso. Ta duba hoton haƙorin, ta ce saiwarsa na kwance kan jijiya, in ta tumɓuke shi duka leɓena zai iya mutuwa. Sai ta yanke kan kawai, ta bar saiwar, ta ɗinke. Na duba ɗinkin a madubi da idon tela, wallahi ba laifi.

Ta ce kada in kurkure baki kwana biyu. Na ce, "Oui, docteur," amma alwala ba ta zo mini a rai ba. Kowace salla ina kurkurawa sau uku da ƙarfina. A kwana na uku zogi ya kai har kunne. Da na koma, ta riƙe kai: "Monsieur Ɗanlami, jinin da ya daskare shi ne murfin ciwon, kai kuma ka wanke shi!" Ta sake sa magani.

Na kai wa limaminmu kuka. Ya yi dariya, ya ce, "Ɗanlami, kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba. Bar ta har ka warke, sallarka tana nan."

Yanzu alhamdulillahi na warke. Duk wanda za a taɓa wa haƙori, ya tambayi malam tun kafin azahar ta yi.

Ina gaida Idi mai soya, wato tsire, na kasuwar Grand Hangar. Idi, zamanin kunu ya wuce, gasa da yawa ina tafe.